Tsufa da zakarun ces: mai kai hari ne yake riga ƙarewa ko mai lallaɓawa?

Akwai wata magana da masu bin wasan ces, wato darar Turawa, suke ta maimaitawa har ta zama kamar karatun hadda, wai ɗan wasa mai zafin kai hari, irin wanda zai ba da doki ko bishof kyauta don kawai ya fasa gidan sarkin abokin karawarsa, shi ne yake saurin ƙarewa in shekaru suka ja, shi kuwa mai wasan lallaɓa da yake tara 'yar riba kaɗan-kaɗan yana iya kaiwa sittin ana damawa da shi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ba laifi, kuma hujjar da ake kafawa mai shiga kai ce. Matsalar dai in ka ɗauko zakarun ɗaya bayan ɗaya ka duba shekarunsu da sakamakonsu sai ka ga da yawansu sun ƙi zama a inda aka ajiye su.

Hujjar ita ce ƙarfin ɗan ces kashi biyu ne. Akwai lissafi, wato ka riƙe allon a kanka kana cewa in na yi nan zai yi can, in ya yi can zan cinye wancan, har taku goma ko fiye ba ka taɓa komai ba, wannan yana son sauri da ƙwaƙwalwar da za ta riƙe abubuwa da yawa a lokaci guda, kuma shi ne yake fara ja da baya. Sai kuma ganewa, ka kalli allo kawai ka san inda ya kamata dokin nan ya zauna tun ba ka lissafa komai ba, saboda ka ga irin wannan yanayin sau dubbai. Ita wannan ba ta tsufa da wuri, ƙaruwa ma take yi, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To tunda mai kai hari da lissafi yake cin abinci, mai lallaɓa kuma da ganewa, a wurin mutane magana ta ƙare ke nan. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya ɗauki wasanni sama da 24,000 da aka buga daga 1890 zuwa 2014, aka sa kwamfuta ta gwada kowane taku da wanda ita take ganin ya fi, sai aka ga ingancin wasa yana hawa da gudu har farkon shekaru ashirin, ya kai ƙololuwa wajen 35, bayan 45 kuma ya kama gangara. Amma wannan matsakaici ne kawai, kuma in ka ɗauki zakarun ɗaya-ɗaya ai ba kowa ne yake bin matsakaicin ba.

Masu waccan magana babban shaidarsu shi ne Vasily Smyslov, kuma gaskiya shaida ne mai ƙarfi. An haife shi a 1921, ya ci kambun duniya a 1957 ya rasa shi a 1958, kowa ya ɗauka zamaninsa ya wuce, sai ga shi a 1984 yana zaune a wasan ƙarshe na gasar fidda wanda zai ƙalubalanci zakara, yana cika shekara 63, abokin karawarsa kuwa Garry Kasparov ne wanda ko 21 bai cika ba. Ya sha kashi 8.5 da 4.5 (nasara maki ɗaya ce, canjaras rabin maki), amma kaiwa nan ɗin ma abin mamaki ne. (Sa'a ma ta taimaka, don a zagayen baya da suka yi kunnen doki da Robert Hübner a 1983 sai da aka juya cacar rulet a Velden ta ƙasar Ostiriya kafin aka ba shi.) Wasan Smyslov ba shi da hayaniya, yana ajiye kowane kaya a inda ya dace, ya musanya abin da ya kamata, ya kai ka ƙarshen wasa inda ya fi kowa sani. Irin wannan salon ba ya cin jiki, yawancin takun hannunsa ne yake yi masa, ƙwaƙwalwar tana hutawa sai an zo wurin da dole sai an lissafa.

Sai dai fa José Raúl Capablanca ma haka wasansa yake, wataƙila ma ya fi na Smyslov tsabta, mutumin da ake cewa yana wasa kamar yana magana da harshen uwarsa. In da salo ne kaɗai, da shi ya kamata ya fi kowa daɗewa. Ya yi kyau a 1936, ya ci gasar Mosko ya kuma raba na ɗaya da Botvinnik a Nottingham, amma a gasar AVRO ta 1938 da ya cika 50 a tsakiyarta ya zo na bakwai cikin mutum takwas, hawan jini ya riga ya sa shi gaba, a 1942 kuma ya rasu. Emanuel Lasker kuwa da ya girme shi da shekara 20, wanda wasansa na rigima ne da shiga yanayi mai sarƙaƙiya da gangan don ya rikita mutum, ya ci gasar New York a 1924 yana da 55 a gaban Capablanca da Alekhine duka, sannan a Mosko a 1935 yana da 66 ya zo na uku ba a doke shi ko sau ɗaya ba, ya sake gamawa a saman Capablancan. Tun a nan ma ka ga tsarin ya fara tangal-tangal.

Anatoly Karpov shi ma misali ne da ake son a tsallake. Shi ne sarkin matse mutum a hankali har ya rasa takun yi. A Linares a 1994 yana da 42 ya yi abin da har yau ake sa shi cikin manyan bajintar tarihi, maki 11 cikin 13, ya bar Kasparov da Shirov a baya da maki biyu da rabi. Amma daga ƙarshen shekarun 1990 gangarar ta zo, kuma ta inda ta zo ɗin ne abin lura: agogo. Mutumin da a ƙuruciya yake wasa da sauri ba ya wahalar da kansa ya koma yana ƙona lokaci a kan takun da da ba ya ko tsayawa a kansu. Ganewar tana nan, ya san takun da ya dace, amma tabbatar da cewa babu wani tarko a ƙarƙashinsa shi ne ya koma ɗaukar minti goma maimakon biyu. Wannan ne abin da masu raba ces gida biyu suke mantawa, babu wani mai lallaɓa da ba ya lissafi, duk takun natsuwa sai ka duba ba ka bar wani abu a buɗe ba, kuma wasan tara riba kaɗan-kaɗan kuskure ɗaya tak yake buƙata aikin awa huɗu ya rushe.

Yanzu a juya ɗaya ɓangaren. Mikhail Tal, wanda in ana maganar kai hari sunansa ake fara kira, ya zama zakaran duniya a 1960 yana da 23, ya doke Mikhail Botvinnik da sadaukarwar da wasu ma in aka zauna aka bincika ba daidai suke ba, amma a kan allo da agogo yana tafiya babu mai iya warware su. Shekara ɗaya kacal Botvinnik ya dawo yana da 49 ya karɓe kayansa da ci 13 da 8, ya yi nazarin yaron ya dinga jan wasa zuwa inda an musanya sarauniya babu wurin wuta, ga kuma ciwon ƙoda da yake damun Tal ɗin. In ka tsaya a nan sai ka ce to ga shi, mai kai hari ya ƙone da wuri. Amma labarin bai tsaya nan ba. An cire masa ƙoda ɗaya a 1969, ga sigari ga sha ba ya ragawa, duk da haka daga 1973 zuwa 1974 ya buga wasa 95 a jere ba a doke shi ba, tarihin da ya tsaya sama da shekara arba'in kafin Ding Liren ya kai 100 a 2018. Mai caca da kayansa ba ya yin wasa 95 bai faɗi ba. Abin da ya faru shi ne Tal ɗin ya canza, ya koyi haƙuri, ya daina tilasta wuta inda babu ita, yana ajiye harin sai allon ya ba da dama da kansa. A 1979 yana da 42 ya raba na ɗaya da Karpov a Montreal, a 1988 kuma yana da 51 ya ci gasar duniya ta wasan walƙiya mai minti biyar a Saint John ta Kanada, gasar da Kasparov da Karpov duk suna ciki. Ko a 1992, wata ɗaya kafin rasuwarsa, ya doke Kasparov a wani wasan walƙiya a Mosko.

Shi kuma Viktor Korchnoi bai taɓa zama zakaran duniya ba amma ba yadda za a yi a yi wannan zancen a bar shi, don shi kaɗai ya isa ya rusa ƙa'idar. Wasansa shi ne mafi cin jiki da za ka iya tunani, ya cinye sojan da aka ba shi a matsayin tarko, ya jure harin, ya lissafa komai dalla-dalla har lokaci ya ƙure masa, sannan ya mayar da martani. A ƙa'ida irin wannan ya kamata ya gaji tun yana arba'in. Sai ga shi yana da 47 ya kara da Karpov a Baguio ta Filifin a 1978, ana cin shi 5 da 2 ya farke ya mayar 5 da 5 kafin ya faɗi a wasa na 32, ya sake dawowa a 1981 yana da 50, ya ci gasar Biel a 2001 yana da 70, yana cikin mutum ɗari na saman duniya yana da 75, a Jibraltar a 2011 yana da 79 ya doke Fabiano Caruana ɗan shekara 18, a shekarar kuma ya ci gasar ƙasar Siwizalan bayan ya cika 80. Wallahi duk wanda zai ce maka salo ne yake yanke hukunci ka tambaye shi ina zai ajiye wannan dattijon.

Ni a ganina abin da ya kamata a tambaya shi ne nawa salon mutum yake ci a jikinsa, a kan allo da kuma kafin a zo allon, sannan shin yana da sauran yunwar da zai ci gaba da biya. Korchnoi salonsa mai tsada ne amma yunwarsa ba ta taɓa ƙarewa ba, yana aiki kamar ɗalibi har tsufansa. Smyslov salonsa mai araha ne. Tal ya rage tsadar nasa da kansa. Waɗanda suka tsaya da wuri yawanci ba wai ƙwaƙwalwar ce ta mutu ba, kuɗin biyan ne suka ga ya yi yawa.

Kasparov ne ya fi nuna wannan. Ƙarfinsa ba a kan allo kaɗai yake ba, rabinsa a gida ake dafa shi, sa'o'i na binciken buɗin wasa shi da mataimakansa don ya zo da sabon taku da zai jefa ka cikin wuta tun daga farko, sannan ya zauna ya matsa maka da dukkan kuzarinsa. Makinsa mafi girma a ma'aunin ƙarfin 'yan ces na duniya, 2851, a 1999 ya kai shi yana da 36, daidai inda binciken can ya nuna. A 2000 Vladimir Kramnik ya karɓe kambun a Landan ta hanyar hana shi wannan wutar, ya dinga shiga kariyar Berlin inda ake musanya sarauniya da wuri, Kasparov bai ci wasa ko ɗaya ba a duk karawar. Ya ci gaba da zama lamba ɗaya a duniya har ya ajiye a Maris 2005 yana da 41, wato bai jira gangarar ta same shi ba. Da ya leƙo daga baya sai aka ga abin da rashin atisaye da shekaru suke yi in sun haɗu, a St. Louis a 2017 ya zo na takwas cikin goma, yana samun yanayi mai kyau sai agogo ya cinye shi, a Zagreb a 2021 kuwa maki 2.5 ya samu cikin wasan walƙiya 18. Amma a yi masa adalci, wannan mutum ne da ya shafe shekaru yana siyasa, ba a auna tsufa da wanda ya bar fili.

Kramnik ɗin ma abin nasa juyi ne mai ban mamaki, don kishiyar Tal ya yi. Shi da aka sani da katanga, mai wasan da ba a iya fasawa, da ya doshi arba'in sai ya koma mai kasada, yana neman nasara a yanayin da kowa ya ga canjaras ne. Makinsa mafi girma, 2817, a 2016 ya same shi yana da 41, to ba za ka ce sauyin bai yi aiki ba, amma a gasar fidda gwanin da zai ƙalubalanci zakara ta 2018 a Berlin an ga ɗaya fuskar, wasanni na hauka masu daɗin kallo, wasu ya ci wasu ya zubar bayan awanni shida ana fafatawa. A Janairun 2019 bayan ya ƙare a ƙasan teburi a Wijk aan Zee ya ce ya ajiye, yana da 43. Ga ciwon gaɓɓai da ya daɗe yana fama da shi. Wato wani in ya tsufa natsuwa yake yi, wani kuma haƙurin zama awa shida yana tsaron rabin maki ne yake ƙare masa.

Awa ta biyar da ta shida ɗin nan su ne inda tsufa yake fara nuna kansa, kuma duk mai son ya gani da idonsa ya duba karawar Viswanathan Anand da Magnus Carlsen a Chennai a 2013. Anand yana da 43, Carlsen yana da 22. Carlsen bai yi ƙoƙarin fin sa binciken buɗi ba, abin da ya yi kawai ya kai wasa yanayin da yake kusan daidai, ya ƙi yarda da canjaras, ya yi ta jan sa. Wasa na biyar da na shida duk a ƙarshen wasa Anand ya faɗi, a wuraren da za a iya karewa, bayan an daɗe a zaune. A Sochi a 2014 kuma a wasa na shida Carlsen ya tafka katoɓara da sarkinsa, Anand bai gani ba ya mayar da wani taku da sauri, damar ta wuce. Amma fa kafin a ce ya ƙare, Anand ɗin dai ne ya ci gasar fidda gwani ta 2014 yana da 44 lokacin da kusan kowa ya cire shi daga lissafi, kuma a Disambar 2017 yana da 48 ya ci gasar duniya ta wasan sauri a Riyad. Shekarar da ta gabace ta ma Vasyl Ivanchuk ne ya ci ta a Doha yana da 47.

Wannan na wasan sauri yana ba mutane mamaki, don a zato gajeren lokaci na yara ne. Amma in ka duba sai ka ga yana da ma'ana, wasan minti goma sha biyar ba ya ba kowa damar lissafi mai zurfi, dole ka dogara da abin da idonka ya gane nan take, kuma ba ya kai ka awa ta biyar. Tal a 51, Ivanchuk a 47, Anand a 48, duka ukun mutane ne da aka sani da saurin gani tun suna yara, kuma wannan baiwar ba ta gudu ba. Abin da ya fi wuya shi ne a riƙe ta kwana da kwanaki, don ranar da ta ƙi sai ka ga dattijon ya zubar da wasa uku a jere.

Akwai kuma abin da yake sa kwatanta Lasker ko Smyslov da 'yan yanzu ya zama da wahala, wasan ne da kansa ya canza. A da ana buga taku 40 a awa biyu da rabi kowa, bayan awa biyar a ɗage wasan, wanda yake da taku ya rubuta shi a ambulan a rufe, a je a kwana ana nazari da mataimaka a dawo a ƙarasa. Wannan tsari dattawa yake taimaka wa, don daidai lokacin da gajiya za ta fara sai a tashi, kuma ƙarshen wasa da suka fi kowa sani a natse ake buga shi. Da kwamfuta ta yi ƙarfi a shekarun 1990 dole aka daina, tunda kowa zai iya zuwa ya tambayi inji, yanzu zama ɗaya ake yi har a gama ko da awa bakwai ne. Sannan ilimin da a da sai ka shekara ashirin kana tarawa, yanzu yaro ɗan sha huɗu yana samun sa daga inji da dubban wasannin intanet, kuma buɗin wasa ya koma haddar layuka masu tsawo da suke canzawa kowane wata. Wato an rage darajar abin da babba ya fi yaro, an ƙara darajar abin da yaro ya fi babba. Boris Gelfand da ya kai karawar kambu a 2012 yana da 43, har ya yi 6 da 6 da Anand kafin ya faɗi a wasan raba gardama, da aikin sa'o'i masu yawa kullum ya kai can, kuma ba kowa ne yake da wannan juriyar ba in ga iyali ga gajiya.

Shi ya sa abin da Carlsen ya yi bai ba ni mamaki ba. Salonsa in ka duba irin na Smyslov da Karpov ne, ganewa da ƙarshen wasa, wanda a ƙa'idar can ya kamata ya kai shi hamsin a kan kujera. Amma a 2022 yana da 31 ya ce ba zai kare kambun ba, ba shi da sha'awar watannin shirin da karawar take ci, ya fi karkata ga wasan sauri da irin wanda ake hargitsa jerin kayan baya don kada hadda ta yi aiki. Ƙarfin yana nan, shirin ne ya ishe shi. Kujerar da ya bari Ding Liren ya hau ta a 2023, sannan a Singafo a Disambar 2024 Gukesh ɗan shekara 18, yaron da kusan komai nasa lissafi ne, ya karɓe ta a wasa na 14, a yanayin da kowa ya riga ya rubuta canjaras, Ding ya gaji ya ajiye hasumiyarsa a inda bai kamata ba a taku na 55. Shekarar Ding 32 a lokacin.